A sa wa manhajojin asibiti ƙa'ida ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ara min fili in yi magana kan kwamfutar da asibitocinmu suke komawa kanta maimakon fayil da kati. Ni nas ce, kuma ba na ƙin ci gaba, amma kowane asibiti da irin manhajar da ɗan kwangila ya kawo masa, idan aka yi maka canjin wajen aiki sai ka koma ɗan koyo, inda ka saba ganin nauyin yaro can ne wata manhajar ta ajiye shekarunsa.

Babbar matsalar ma sunaye ce. A nan Arewa ka rubuta Aisha Muhammad a wajen nema ka ga ikon Allah, layi guda za su fito, da yawansu kuma an sa musu 1 ga Janairu a ranar haihuwa saboda ba su san ranar ba. To tamu manhajar da zarar ka shiga shafin magani sunan mara lafiya ya ɓace daga sama, ga layi har bakin ƙofa, ga batirin inbata yana kuka, wa zai koma baya ya sake dubawa?

Wasu sun daɗe da gyara wannan. A Ingila hukumar lafiya ta NHS ta fitar da tsarin cewa suna da ranar haihuwa da lambar mara lafiya mai alƙaluma 10 su zauna a saman kowane shafi, watan haihuwar kuma a rubuta shi da harufa, don 03/04 a wajen Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu. A Amurka an hana rubuta 1.0 a adadin magani tunda ɗigon na iya ɓacewa a karanta 10, kuma magunguna masu kama da juna ana bambanta su da manyan baƙaƙe, kamar hydrALAZINE na hawan jini da hydrOXYzine na ƙaiƙayi. Wannan fa ba ya cin wani kuɗi.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, su rubuta irin wannan ƙa'ida, kada a biya kuɗin wata manhaja sai ta cika ta. Kuma kafin a sa hannu a kawo ta wodi a ba nas da ke dutin dare ta gwada, ba a ɗakin taro da na'urar haska bango ba.

Na gode,
Wata ma'aikaciyar jinya daga Kano