Barka da Sallah daga Minesota, da Labarin Sunayen Wata

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Sallah, ke da maigida da yara baki ɗaya. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Idan an gama suyar nama, ki tara yara ki karanta musu wannan takarda, domin su na rubuta wa.

Yarana, yau 10 ga watan Babbar Sallah, saboda haka nan da kwana huɗu wata zai cika ya zama ɗan daren sha huɗu. A nan jihar Minesota akwai wata al'umma da ake kira Ojibwe, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar Amurka, kuma sun raɗa wa kowane wata suna, da yawa daga ciki bisa abin da ƙasa ke ba su a lokacin. Na Yuni da muke ciki shi ne watan sitirobari, wani ɗan tsiro mai jajayen 'ya'ya masu zaƙi, wanda 'ya'yan na dajinsa ba su fi 'ya'yan magarya girma ba. Na Afrilu kuwa watan dafa ruwan itace ne, domin a lokacin ake huda jikin bishiyar maful a tari ruwanta, kuma sai an dafa kusan lita 40 kafin a sami lita 1 ta zaƙi mai kauri.

Wanda ya fi burge ni shi ne watan girbin shinkafar ruwa, wajen ƙarshen Agusta. Wannan shinkafa da kanta take fitowa a cikin tafki. Mutum biyu ne ke shiga kwalekwale, ɗaya yana tuƙi da gora, ɗayan yana riƙe da sanduna biyu, yana tanƙwaro zangarniya da guda yana kakkaɓe ta da guda, kuma ƙwayar da ta faɗa ruwa ita ce irin baɗi.

Mu ma muna da namu sunayen, sai dai ibada suke bi, ba damina ko rani ba. Muharram shi ne watan Cika-ciki, Rajab azumin tsofaffi, Sha'aban sha-ruwan tsofaffi, sannan watan Azumi da na Ƙaramar Sallah. Da yake shekararmu kwana 354 ce, tana gaza ta Turawa da kwana 11, shi ya sa azumi yakan zo wani lokaci a cikin hunturu, wani lokaci a tsakiyar zafin bazara. Abin da ke damuna shi ne yara da yawa yanzu sun haddace Janairu zuwa Disamba, amma ba su san azumin tsofaffi ba.

Don haka ku je wurin Hajiya ta faɗa muku sunayen sauran watannin, babbar cikinku ta rubuta ta aiko mini. Yaya, ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki roƙa mini addu'arta.

Wassalam,
Ƙaninki, kawun yara