Wasiƙa daga Fas

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai sanyin Fas da ya sa na daina raina hunturunmu. Na isar da saƙonka. Ranar Juma'a bayan la'asar na je zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, aka yi zikiri da ni, na yi maka addu'a.

Ka tambaye ni yadda aka yi sarkin Maroko, wanda ake kira Amirul Muminina, kuma shugaban kwamitin Ƙudus na ƙasashen Musulmi, ya daidaita da Isra'ila a 2020. Baba, Sahara ce. A Disambar shekarar Amurka ta amince cewa Yammacin Sahara na Maroko ne, sulhun kuwa shi ne tukuicin.

Kafin na zo ban san girman maganar ba. Wata rana a shagon mai shayi na ce "Yammacin Sahara", sai wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Saharar Maroko ake cewa, ɗana." Ashe yana cikin mutum 350,000 da Sarki Hassan na biyu ya tura tattaki zuwa can a Nuwamban 1975, Alƙur'ani a hannu ɗaya, tuta a ɗayan. Har gobe ranar 6 ga Nuwamba hutu ce a nan. A wajensu, wanda ya taɓa Sahara ya taɓa sarautar kanta.

Saboda ita Marokawa suka fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, lokacin da aka ba 'yan Polisariyo, masu neman 'yancin Yammacin Sahara, kujera, ba su dawo ba sai 2017. Mu ma fa a 1984 ɗin Najeriya ta amince da Polisariyo, shi ya sa idan na ce daga Najeriya nake, wasu kan yi min wasan da ba wasa ba. Ni a ganina ko limamanmu da ake karantar da su a Rabat, ko ziyarar Sarki Muhammad na shida Abuja a 2016, duk akwai neman goyon baya a ciki. Alheri ne, amma ba banza ba. Talakawan Maroko dai ransu na tare da Falasɗinu, na ga zanga-zangarsu da idona.

Idan Alhaji zai taho ziyara, don Allah Inna ta haɗo min yaji da kuka.

Ɗanka,
Sani