Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya: wa ke da ikon cewa a dakata?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A zauren taro ka miƙe ka ce kai ke jagorantar wani babban aiki mai cin dukiya, wanda kuskure a cikinsa zai iya jawo asarar rayuka. Ka ce kun rubuta duk haɗuran da kuka hango, kun ware kuɗin ko-ta-kwana, kuna zama duk mako kuna bita. To, me ya rage? Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari amsar ma ta zo haka.

Abin da ya rage shi ne mutumin da zai kawo maka mummunan labari, da abin da zai same shi idan ya kawo.

Ka dubi kumbon Challenger na hukumar NASA ta Amurka. Ranar 28 ga Janairun 1986 ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Ba rashin sani ne ya kashe su ba. Daren jajibirin harbawa, injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, ciki har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗi cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yakan sandare in ya sha sanyi, ya kasa rufewa. Suka ba da shawarar kada a harba idan ma'aunin zafi ya yi ƙasa da digiri 12 a ma'aunin Celsius, ga shi kuwa da safiyar harbawar bai wuce digiri 2 ba. Manyan kamfanin suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyi ya cire hular injiniya ya sa ta manaja, sai shawara ta juya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka juya tambayar. Da, mai son a harba shi ke kawo hujjar cewa lafiya lau. A daren nan kuwa, mai cewa a dakata aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa lallai za a yi ɓarna. Wa zai iya tabbatar da abin da bai faru ba tukuna? Kuma an sha ganin zobban sun ɗan ƙone a tafiye-tafiyen baya, kumbo ya dawo lafiya, har ido ya saba. Kowace tsira sai ta zama hujjar cewa matsalar ba ta da girma. Masanin kimiyya Richard Feynman, da ke cikin kwamitin binciken haɗarin, ya gano cewa shugabanni na ƙiyasta haɗarin a kan ɗaya cikin 100,000, wasu injiniyoyi kuwa suna ganin ya kusa ɗaya cikin 100. Hukuma ɗaya, kumbo ɗaya. Shekara 17 bayan nan, a 2003, kumbon Columbia ya bi sahu, saboda ɓaraguzan soson jikin tankin mai da su ma aka saba ganin suna ɓallewa.

Ba ina raina jerin haɗuranku ba ne, Malam, yana da amfani. Sai dai takarda ba ta gardama da shugaba. Kuma kuɗin ko-ta-kwana na maganin abin da kuɗi ke gyarawa ne kawai. Don haka ka raba jerin gida biyu: abin da in ya lalace za a iya komawa a gyara, da wanda in ya tafi ya tafi. A kan na farko ku yi sauri, ku yi kuskure, ba komai. A kan na biyu, wanda ke da alhakin cika wa'adi bai kamata ya zama shi ne alƙalin lafiyar aikin ba, ko da mutumin kirki ne. Wa'adi yakan toshe kunne.

A masana'antun Toyota, ƙaramin ma'aikaci na iya jan igiya ya kira shugaban sashe, in matsalar ba ta warwaru nan take ba layin haɗa motoci ya tsaya. Igiyar ba ta da tsada. Mai wuya shi ne a gode wa wanda ya ja ta ko da daga baya aka ga ba komai, domin in an harare shi sau ɗaya, sauran sun koyi darasi.

Na san za ka ce jinkiri ma asara ce, kuma gaskiyarka. Amma gargaɗin da aka danne ba ya mutuwa, yakan jira ne ya fito lokacin da ya fi tsada. Sabon filin jirgin saman Balin na Jamus saura 'yan makonni a buɗe shi a 2012 aka soke saboda na'urorin kariyar gobara, bai buɗe ba sai Oktoban 2020.

A zamanku na mako mai zuwa, ka ajiye jerin a gefe. Ka ce wa kowa ya ɗauka shekara ta zagayo, aikin ya rushe, ya rubuta dalilin shi kaɗai kafin kowa ya yi magana. Ka fara karanta na mafi ƙanƙantar muƙami, naka ya zo a ƙarshe. In ka ga dama, ka rubuto mini abin da ya fito.

Wassalam,
naka a kullum.