Ku Daina Cika Mana Kunne da Masu Duban Gobe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai. Rabin awa cur baƙonku yana yabon littattafan da ke hasashen yadda al'umma za ta zama nan da shekara 50, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, Dakta" yake ta yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi ba: waɗanda suka yi irin wannan hasashe a baya, ina aka kwana?

Ni da idona na ga ɓarnar abin. Gab da zaɓen 2015, da aka yi ta baza cewa masana a Amurka sun ce Najeriya za ta wargaje, maƙwabcin shagona a kasuwar Sabon Gari, wanda muka shekara 18 tare, ya karyar da kayansa, ya kwashi iyali ya tafi garinsu. Ƙasa ba ta rabu ba. Ya dawo ya tarar shago ya zama na wani, yau a tebur yake kasa kaya. Wa zai biya shi? Ko a 1968 wani Ba'amurke, Paul Ehrlich, ya rubuta littafi yana cewa ɗaruruwan miliyoyin mutane za su mutu da yunwa a shekarun 1970. Littafi ya yi kasuwa, magana ba ta tabbata ba. Meye bambancin wannan da bugun ƙasa?

Kuma wai a Zariya muke jin haka, garin da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello! Na tambayi ɗana da ke sakandare yadda aka yi Malam Musa, mai tutar jihadin Shehu Ɗanfodiyo, ya ci Zazzau a 1808, Sarkin Zazzau Makau ya gudu kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja. Wallahi bai taɓa ji ba. Wane mai hasashe ne a lokacin zai ce sunan garin masu gudun hijira ne zai hau kan babban birnin ƙasa? Abin da ya faru ke nan, da shaidarsa, ga ganuwa tana zubewa a gabanmu. Ku kawo mana malaman da suka san wannan.

Sannan don Allah ku canza lokacin shirin. Kullum sai ya ci karo da sallar Isha'i, rabinsa kawai muke samu.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Zariya