Amsa Ga Mai Neman Lasisin Mashaya Kan Batun Hayaniya

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa. A zaman jin ra'ayin jama'a kan lasisin sayar da barasa da kake nema, ka tambaye ni a gaban kowa: tun da ka lulluɓe bangon ginin da kayan tare sauti, ka kuma sa ƙofa biyu a mashiga, me ya rage da zan ci gaba da ƙorafi a kai a madadin maƙwabta? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, kuma tambayar da aka yi a fili, a fili ya kamata a amsa ta.

Ban raina aikin da ka yi ba. Sai dai soson da ake mannawa a bango amsa-kuwwar cikin ɗaki yake ragewa, ba ya hana ƙara fita. Nauyin bango ne ke tare sauti. Shi kuwa amon kiɗa mai kauri, wanda ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji shi, bin siminti da ƙarfe yake yi har ya shiga ginin da ke jingine da naka, musamman in an girke lasifika a ƙasa.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 sun ce barci mai daɗi na bukatar kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kada kuma ƙarar da ke faɗowa kwatsam ta haura 45. Hirar mutum biyu a kusa da juna tana kai wajen 60, kuma duk ƙarin desibel 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙarar. To, lissafa mutum ashirin a ƙarƙashin tagar wani da ƙarfe ɗaya na dare.

Nan ne damuwarmu take, a bakin titi, inda bangonka ba shi da iko. Tun 1911 likitan kunne na Faransa, Étienne Lombard, ya nuna cewa mutum na ɗaga murya ba tare da ya sani ba idan yana cikin hayaniya. Wanda ya kwashe awanni yana ihu a kunnen abokinsa saboda kiɗa, ga abin sha ya hau kai, ba ya sauke murya don ya tsallake ƙofa. Sai a yi sallama sau uku a bakin mota, a buga ƙofa, direba ya danna hon yana kiran wanda ya maƙale a ciki, wani ya tuna wani labari a dawo da hira sabuwa. Titi na yin shiru kuma ma'aikacinka ya juye kwalabe cikin kwandon shara gaba ɗaya. Mai jariri ya san wannan ƙarar, haka ma'aikaciyar jinya da za ta fita aiki da asuba. Ingila ta ga irin haka bayan 2007, da aka hana shan taba a cikin mashaya: masu sha suka koma bakin ƙofa, surutun ya bi su waje.

Na san akwai waɗanda barasar kanta suke ƙi. Suna da hujjarsu, kuma da bakinsu za su faɗe ta. Ni ban fake da hayaniya don in rufe maka kasuwa ba. Da kai ka riga zuwa, aka zo daga baya aka gina gidaje a jikinka, da bayanka zan bi. Jihar Victoria ta Ostireliya a 2014, da Ingila a 2018, sun ɗauki ƙa'idar cewa wanda ya kawo canji shi ke ɗaukar nauyin tare ƙara. A wannan layin kuwa kai ne baƙon.

Ka ce ka yi alkawari, kuma na yarda da gaske kake. Amma gobe in ka sayar da wurin, alkawarin zai tafi da kai, lasisin ya zauna. Shi ya sa dokar lasisi ta 2003 a Ingila da Wales ta sa hana damun jama'a cikin manufofinta huɗu, ta bai wa hukuma ikon gindaya sharuɗɗa, ta kuma bai wa maƙwabta damar neman a sake duba lasisin idan an saɓa. Abin da muke so a rubuta ke nan: lokacin kashe kiɗa da na rufewa, na'urar ƙayyade ƙara wadda jami'in hukuma zai saita ya kulle, kada a fita da abin sha waje, kada a zubar da kwalabe sai gari ya waye, sannan mai gadi ya tsaya har mutum na ƙarshe ya bar layin. A ba maƙwabta lambar wayar da za a ɗaga cikin dare.

Kafin zama na gaba, ka zaɓi dare guda, ka kunna kiɗan yadda kake niyyar kunna shi, mu auna tare daga ɗakin kwanan da ya fi kusa da kai. Masu gidan sun amince. Abin da na'urar auna ƙara ta nuna, shi za mu kai wa kwamitin ba da lasisi mu biyu.

Na gode,
Mai magana da yawun maƙwabtanka