Amsa ga mai tambaya kan kuɗin zinaren da ba a haƙo ba

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: in kamfani ya gano zinare amma bai fara haƙa ba, me zai hana a duba nawa aka sayi wurare irinsa, a raba kuɗin da yawan oza (ma'aunin nauyin zinare) da ke cikinsu, sannan a ninka da ozar wannan wurin don a san darajarsa? Da haka masu harkar suke fara lissafi, ban ce ka daina ba. Amma ka ji labarin Fruta del Norte, wani wurin zinare a ƙasar Ekwado.

A 2008 kamfanin Kinross ya sayi Aurelian, mai wurin, kan kusan dalar Kanada biliyan 1.2. Sai ya kasa daidaitawa da gwamnati, wadda ta nemi harajin kashi 70 cikin ɗari na rarar kuɗin da tashin farashi ya kawo. A 2013 ya janye, a 2014 ya sayar kan dalar Amurka miliyan 240. Dutsen nan ko giram ɗaya bai ragu ba. Wanne cinikin za ka ɗauka ya zama ma'auninka? Haraji ya sa hannu, kasuwa ma haka: oza ta kai wajen dala 1,900 a 2011, ta sauko kusan 1,050 a ƙarshen 2015. Cinikin da aka ƙulla lokacin zumuɗi, sai ka gyara shi da farashin yau kafin ka kwatanta.

Ita kanta ozar ba iri ɗaya ba ce. Ƙa'idojin bayyana yawan ma'adinai, wato JORC na Ostareliya da NI 43-101 na Kanada, sun raba zinaren da ake zato daga ramukan gwaji kaɗan da wanda aka auna sosai, da kuma wanda bincike ya nuna za a haƙo shi da riba. Haɗa su a ma'auni ɗaya rashin adalci ne ga aljihunka. Ka duba giram nawa ke cikin tan ɗaya na dutse, ko wurin na kusa da sama ne, ko zinaren ya maƙale a dutsen da sai an gasa shi, da kuɗin titi da wuta da ruwa.

Wani lokacin ma babu abin rabawa. Kinross ɗin dai ya biya kusan dalar Kanada biliyan 1.8 kan Great Bear, wani kamfani mai wurin zinare a Kanada, a 2022, alhali ba a fitar da adadin ozar wurin ba tukuna.

Ka aiko mini da rahoton masana duwatsu na wurin da kake nufi, mu zaɓi ciniki huɗu ko biyar na kwanan nan da suka yi kama da shi.

Wassalam.