Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Ciwon Ƙaninsa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da ƙaninmu da likitoci suka ce yana fama da sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba Hajiya juriya. Ka tambaye ni ko ciwon yana da tushe a jiki, tun da wasu dangi sun dage cewa jifa ne. Yana da shi, kuma garkuwar jiki na cikin inda masana suka fi zuba ido.

A shekarar 2016, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa wani sinadarin garkuwa mai suna C4 yana da hannu a ciki. Yayin da yaro yake balaga, ƙwaƙwalwa takan rage mahaɗan jijiyoyin da suka yi yawa, kamar yadda mai lambu yake datse rassa, kuma C4 na cikin masu yi wa mahaɗan alamar cirewa. Wanda ya gaji nau'in da ke samar da C4 mai yawa ya fi fuskantar haɗarin ciwon, ana kuma kyautata zaton datsewar ce take wuce kima. Wannan ya dace da yadda ciwon ya fi bayyana daga ƙarshen samartaka, shekarun da ƙaninmu yake ciki. An kuma sha samun alamun kumburi, irin su IL-6, sun ƙaru a jinin wasu marasa lafiyar, ko da yake ba duka ba.

Sai dai ina roƙonka kada wannan bayani ya sa a ajiye maganin asibiti a koma ga masu tallar maganin ƙarfafa garkuwa, domin ko minocycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka gwada a Birtaniya da fatan zai rage kumburin, sakamakon 2018 bai nuna amfaninsa ba. Idan kuwa aka ɗora ƙaninmu kan clozapine, ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwon, to gwajin jini wajibi ne a kan kari, saboda maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Da zarar ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, a kai shi wurin likita a ranar, kada a ce zazzaɓin sauro ne a saya masa magani a kemis.

Ka gaida Hajiya, ka kuma sanar da ni sunan maganin da aka rubuta masa.

Naka amini,
Bashir